Cukun Tata

Hansai na durƙushe a tsakar gida, ta jera gwangwanaye da ƙunshin biskit a kan tabarma, tana bin ƙananan rubutun Faransanci da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wata uku ke nan da likita ya ce ƙodar mijinta Attaher ta gaji: ban da nama, ban da nono, ban da duk abin da ya fito daga jikin dabba, sukari ma sai kaɗan. Kamfanin ma'adinai ya sallame shi daga tuƙin babbar motar kamyo, damina biyu ba a ga ruwa ba, abin da ya rage a butik-butik, wato kantunan garin Arlit, kuwa rabinsa na gwangwani ne. Kullum gabanta na faɗuwa, kada wata kalma ta ɓuya mata a jikin takarda ta kashe mata miji.

Biskit ɗin da madara a ciki, ta ture shi gefe. Dunƙulen miya da kitsen saniya, shi ma ya bi. Tumatir ne kaɗai ya tsira. Shayi kuwa dabino guda take miƙa masa ya haɗa, ya sha yana yatsina fuska yana mata dariya.

Ana haka sai ga Tata, uwar Attaher, daga dajin bayan Tchirozérine. Fari ya cinye awakinta saura ɗaya, nonon ɗayar nan ta tattala ta yi cuku ta ƙullo a mayafi. Da ta ga ɗanta ta juyo kan Hansai, da Hausarta ta Buzaye da ba ta raba mace da namiji.

"Kai kana karatun gwangwani, ɗana ya zama kara."

"Anna, likita ne ya hana," in ji Hansai, tana kiranta uwa da yarensu.

"Likita ya haife shi? Da nono na raine shi. Ko ya sha, ko ka koma Damagaram wajen iyayenka."

Attaher ya sunkuyar da kai. A wajensu ɗa ba ya mayar da abin da uwa ta miƙo da hannunta. Kwana huɗu yana shan furar cuku, Hansai na kallo. Ta roƙe shi, ta yi kuka, ya ce, "Akuyarta ta ƙarshe ce, Hansai. Ya zan yi?"

Rana ta biyar takalmi ya ƙi shiga ƙafarsa, numfashi na fita da ƙyar. Aka kai shi asibiti, likita ya ɗaura masa magani, ya ce in kumburin bai sauka ba sai Agadez. Hanyar Agadez kuwa tawaye ya rufe ta, ba mai bi sai da rakiyar soja, ita ma sai jibi. Hansai ta zauna gefen gadon tana ƙirga numfashinsa. Tata ta rakuɓe jikin bango, ta tsufa a wuni ɗaya. Maganar da ke bakin kowa, cewa cukunta ne ya jawo, Hansai ba ta faɗa mata ba. Ruwa ta kai mata, ta ce, "Anna, ki sha."

Allah ya taimaka, kafin motocin soja su tashi kumburin ya sauka.

Da suka dawo gida Tata ta zo ta zauna bakin tabarma da ƙusa a hannu.

"Karanta mini, 'yata."

Duk gwangwanin da Hansai ta ce ya halatta, tsohuwa ta karta masa alama da rubutunsu na tifinar, don ko Hansai ba ta nan kada a yi kuskure. Sannan ta kwance mayafi, ta tura mata ragowar cukun.

"Kai ka ci. Kai ne ka fi shi ramewa."

Hansai ta ci tana hawaye. Haƙurinta ne ya tsare mata miji da aure, Tata kuma ta gane cewa wani lokaci hana mutum abin da yake so shi ne ƙaunar.