Ƙulli Takwas Na Lulash

"Ndrek, wannan garin ba Bari ba ne!"

Da ƙarfi na faɗa, har mutanen da ke bayanmu a matakalar jirgin ruwan suka tsaya cak. Ɗana ko waiwaye bai yi ba, ya ci gaba da jan akwatuna.

"Sauko dai, Inna, kina tare wa mutane hanya."

"Na ce maka ba Bari ba ne! Ina inda jirgin fito ke tsayawa? Ina... ina Lulash?"

Matarsa Valbona ta riƙo hannuna, murya kamar an zuba zuma.

"Mama, teku ce ta yi fushi aka juya jirgi. Nan Trieste ne. Tun jiya muka kira mutumin naki, ya ce ba zai samu zuwa ba, wai yana da fasinjoji."

"Fasinjoji?"

"Direba fa, Inna," in ji Ndrek. "Kin taɓa ganin direban da ya jira wani?"

Ina tsaye da shuɗin ɗankwali a kaina, karo na farko cikin shekara goma sha tara da na ajiye baƙin kayan da nake sawa tun rasuwar mijina. A hannuna akwai igiya, ba sauran ƙulli ko ɗaya a jikinta. Haka suka ja ni kamar akuya zuwa jar motar Ndrek da ke ajiye a bakin tasha, suka turo ni baya, suka rufe.

Sunana Drane, shekarata sittin da huɗu, ƙauyenmu yana cikin duwatsun Puka. An rubuta sunana a makaranta, amma awakin babana ne suka san fuskata, malami bai sani ba. Ku 'yan mata da kuke ganin soyayya taku ce ku kaɗai, ku saurara, don ni ba na iya ƙawata magana.

Shekara talatin Lulash yana tuƙa ƙaramar bas daga ƙauyenmu zuwa birnin Shkodra. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. Kowace Laraba in na fito da cukuna zan kai kasuwa, sai in tarar ya ɗora hularsa a kujerar gaba.

"Wannan kujerar ta manyan baƙi ce," zai ce, ya ɗauke hular.

"Manyan baƙi masu warin cuku?"

"Ni dai hancina bai kai ƙara ba."

Wata Laraba cikin watan Mayu, da kowa ya sauka, ya tsayar da motar a kwanar da ake hango kogi. Bai kalle ni ba, sitiyari yake kallo.

"Drane, na gaji da cin wake ni kaɗai."

"To ka ɗauki mai aiki."

"Mai aiki ba za ta zage ni kamar ke ba."

"Tsohon banza! Aure kake nema ko zagi?"

"Duka biyun... in kin yarda, hasken idona."

Ni da na binne miji, na yi noma da hannuna na tura yaro har Italiya, sai ga ni ina ɓoye fuska kamar 'yar shekara sha bakwai.

Da na gaya wa Ndrek a waya, sai da na janye ta daga kunnena.

"A wannan shekarun? Matar babana a gidan direba? Da wane ido zan shigo ƙauye, Inna?"

"Da idon da kake shigowa da shi sau ɗaya a shekara biyu."

Ya kashe.

Bayan mako uku sai ga kiran Valbona. Wai sun yi tunani, sun huce. Wai za mu yi tafiyar shaƙatawa a babban jirgin ruwa, kwana takwas, ni da su da yara, kafin in zama amarya. Wallahi kuka na yi don daɗi. Na ce ɗana ya dawo hayyacinsa.

Lulash ne ya tsara komai. Ya zauna a teburina da fensir da bayan tsohuwar kalanda, tabarau a ƙarshen hanci, Valbona tana kan waya.

"'Yata, turo min takardar tafiyar in gani."

"Haba Baba Lulash, wa ke buga takarda yanzu? Daga Bari za mu tashi ranar Asabar, Bari za mu dawo Asabar ta gaba, ƙarfe takwas na safe."

Ya rubuta. Ranar Juma'a zai kai ni Durres, tashar jirgin ruwan ƙasarmu, da motarsa, ya sa ni a jirgin fito, Ndrek ya tarbe ni a Bari, can Italiya. Juma'a ta gaba shi ma zai ajiye motar a Durres ya tsallako, ya tsaya a bakin tasha kafin mu sauko, mu koma gida tare. Fada, limamin cocinmu, ya ba mu Lahadin da ke biye don ɗaurin aure.

"Ka rubuta wa kanka," na ce. "Ni wannan zanen tururuwa ne a wurina."

Sai ya ciro igiya biyu daga aljihu, irin wadda yake ɗaure kaya da ita. Ya ƙulla takwas a kowace.

"Ranar da kika shiga babban jirgi ki kwance ɗaya. Kowace safiya ɗaya. Ranar da kika kwance na ƙarshe, ki leƙa ƙasa, za ki ga wani tsoho mai sanƙo yana ɗaga hula."

"Kai kuma taka?"

"Ni ma ina kwancewa. Amma na ƙarshe ba zan taɓa shi ba sai na gan ki."

Ya ba ni shuɗin ɗankwali, ya ce ranar nake so ki ɗaura. Ya kuma gyara min wayata, in na danna maɓalli na biyu na riƙe, shi zai ɗauka.

A Durres bai rungume ni ba, mutane suna kallo. Ya dai gyara min wuyan riga, ya ce kar in auri kyaftin.

Ranar farko a jirgi Valbona ta miƙo min sabuwar waya, sumul, ba maɓalli ko ɗaya.

"Kyauta ce, Mama. Waccan tsohuwar ba ta aiki a teku, kawo in ajiye miki."

Na ba ta. Da hannuna na ba ta!

Kar ku tambaye ni tsibiran da muka gani. Abinci tuli, kiɗa, tsofaffi tsirara a bakin ruwa ba kunya. Ni abin da na sani, kowace safiya ina zama a bakin gado in kwance ƙulli ɗaya, in ce saura kaza, tsoho.

Daga Trieste suka wuce da ni gidansu a Verona, hawa na huɗu. Wai in huta kwana biyu. Kwana biyu suka zama wata biyar. Na yi girki, na yi wanki, na kai yara makaranta na ɗauko. Na ce a kira min Lulash, Ndrek ya ce ba ya ɗauka. Na ce a ba ni tsohuwar wayata, Valbona ta ce ta ɓace a jirgi. Suka kai ni wani ofishi na dangwala hannu a takardun zama.

Abin da ba zan yafe ba shi ne wannan: sun sa na tsine masa. Na mayar da baƙin ɗankwalina, na tsaya a taga ina cewa Allah ya isa tsakanina da kai, Lulash, ka mai da ni abin dariya da furfurata. Kullum sai na faɗa. Wata biyar!

Cikin Fabrairu ina neman almakashi a durowar ɗakinsu, sai ga fasfona, ƙarƙashinsa takarda mai hoton jirginmu. Ashe ana buga takarda. Na sauka da ita wurin Gjyste, wata 'yar Shkodra da ke share matakalar gidan.

"'Yar'uwa, karanta min wannan."

Ta goge hannu a zani. "Tashi, Bari. Sauka, Trieste."

"A'a, teku ce ta juya mu."

"Wace teku? Ga kwanan wata nan, tun watan Yuni aka buga. Wannan jirgin dama ba ya komawa inda ya tashi."

Sai na zauna a kan matakala, a cikin ruwan sabulunta.

Jar motar! Motar da muka tarar tana jiranmu a Trieste. Labarin teku ta ji ta kai kanta can? Wata biyar ina shiga motar nan, ban taɓa tambayar kaina ba. Rashin karatu daban, wauta daban, ni na haɗa biyun.

Da suka dawo daga aiki na ajiye takardar a kan farantin Ndrek.

"Ci wannan."

Ya ture farantin gefe. Valbona ta fara, "Mama, ki gane..."

"Ke rufe min baki, ba ke na haifa ba! Ndrek, me ka gaya wa Lulash?"

"Don mutuncinki muka yi, Inna."

"Mutuncina ko renon 'ya'yanku? Me ka gaya masa?"

"Na ce... kin canza shawara. Kin zaɓi zama da jikokinki."

"Yaushe ka gaya masa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ranar Litinin. Ya dame ni da kira."

Asabar, Lahadi, Litinin. Kwana uku tsoho mai shekara sittin da bakwai yana tsaye a tashar Bari da hula a hannu, yana duba fuskar duk matar da ta sauko.

Ban ƙara ko kwana biyu a gidan ba. Na farke bakin siket ɗina inda na ɗinke 'yan kuɗin cuku, Gjyste ta sa ni a bas ɗin mutanenmu da ke zuwa Bari ya hau jirgin fito. Ba wanda ya riƙe min hannu. Duk inda aka tsaya sai in tambayi direba da baki, in sake tambayar wani, don na daina yarda da mutum ɗaya.

Da na iso ƙauye na ga motarsa a ƙofar gida, dusar ƙanƙara ta rufe rufinta, tayoyi sun sace. Na tsaya na canza ɗankwali, na ɗaura shuɗin, a nan kan hanya.

'Yarsa Mrika ce ta buɗe ƙofa. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kin zo ganin aikinki?"

"Ina yake?"

"Ya dawo daga Bari bai ce wa kowa komai ba. Ya yi wata guda yana tuƙi, ba ya bari kowa ya zauna a gaba. Sai wata safiya muka tsince shi a ƙasa. Rabin jikinsa ya mutu, bakinsa ya tafi. Koma Italiyarki, Drane!"

Na danna mata takardar a ƙirji.

"Ke kin yi makaranta. Shigo ki karanta masa, da ƙarfi, in kin gama ki kore ni."

Yana zaune kusa da murhu, bargo a gwiwa. Ya rame har na ga ƙashin kafaɗarsa. Ya gan ni, ya ga ɗankwalin, sai ya juya fuska bango.

Mrika ta karanta. Tashi, Bari. Sauka, Trieste. Watan Yuni. Da ta kai ƙarshe, ta koma ta sake karantawa daga farko.

Na durƙusa a gabansa.

"Lulash... na leƙa. Wallahi na kwance na ƙarshe na leƙa, ba ka nan. Na tsine maka, tsohona, wata biyar ina tsine maka. Ka yafe min."

Bai juyo ba.

Can sai hannunsa na hagu ya motsa a ƙarƙashin bargo. Ya fito da igiya, ta yi baƙi don riƙo. Ƙulli ɗaya ya rage.

Ya yi ta fama da shi da yatsu, ya ƙi. Hannu ɗaya ba ya kwance ƙulli. Na riƙe masa gefe ɗaya, shi ya ja ɗayan, muna ta kuka kamar yara, Mrika ta fita da gudu.

"Tsohon banza," na ce, "ƙulli ma sai ka ɗaure shi kamar na buhun masara."

Rabin bakinsa ya yi dariya.

Fada ya zo har gida ya ɗaura mana aure. Da aka tambaye shi ko ya yarda, ya ɗaga hularsa. Na dafa masa wake, na zage shi kullum yadda ya nema, na aske masa gemu. Mako goma sha ɗaya na yi ina matarsa. Bayan bikin Ista da kwana tara, da hantsi, ina ba shi kofi a cokali, ya tafi.

Sun sace min wata biyar da mutum mai ƙafa biyu da baki, sun bar min mako goma sha ɗaya.

Har yau akwai matan da ke cewa a bakin coci wai na gudu Italiya, da abin bai yi min daɗi ba na dawo in gaji gida da mota. Shi ya sa na zaunar da Mrika, wadda ta tare min ƙofa, take rubuta wannan yadda nake faɗa, na kuma ce in ta gyara min kalma ɗaya zan sani.

Ndrek, na san wannan rubutun zai iso gare ka. Ka daina aiko min furanni, awaki nake ba wa. Ka daina turo matarka tana min kuka a waya. Abu ɗaya nake nema: ka zo ranar Lahadi, ka tsaya a ƙofar coci bayan an tashi, ka faɗa da bakinka abin da ka yi, kowa ya ji. Daga nan ka bi ni kabarinsa ka sake faɗa.

Kar ka ce hanya da nisa. Bas daga Verona, jirgin fito daga Bari, mota daga Durres. Ni da ban iya karatu ba na zo.

Igiyarsa tana tare da shi. Tawa tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, na sake ɗaura mata ƙulli ɗaya, naka ne. Kai ma ka san ba na kwancewa sai na ga mutum da idona.