Ranar da Tsuneo Ya Tuɓe Riga

Tafasasshen shayi Kikue ta watsa wa mijinta a ƙirji, ta bi shi da kofin a goshi.

"Fita min daga gida, ɓarawo!"

"Ni ne fa, Maman Noboru," in ji Tsuneo, jini na bin girarsa. Shekara hamsin da biyu suna tare, yanzu ciwon mantuwa ya mayar da shi baƙo a idonta.

Ɗansu Noboru ya fisgo hannunta har ta kife kan tabarma. Tsohon ya sharara masa mari.

"Uwarka ce."

"Kashe ka za ta yi, Baba. Jumma'a zan kai ta gidan tsofaffi. Ina masu zuwa gida taimako da ka ce za ka nema?"

Laifin Tsuneo ne. Bara da ma'aikaciyar hukuma ta zo duba ko suna bukatar taimako, ya shafa wa Kikue hoda, ya ɓoye cizon da ta yi masa a hannu cikin riga, ya ce komai lafiya lau. Tsofaffinmu ke nan, sun gwammace mutuwa da baƙo ya ga gazawarsu.

Tsoron rabuwa ya sa ya sake kiran hukumar. Ranar Alhamis ma'aikaciyarsu Malama Hoshino ta zo, Kikue ta rusuna mata kamar amarya.

"Kina iya wanka da kanki, Kaka?"

"Har girki nake yi, 'yar nan."

Biron Malama Hoshino ya fara tafiya, za a sake rubuta komai lafiya lau. Kunya ta kama Tsuneo, amma ya miƙe ya ɓalle maɓallan rigarsa. Ga ƙuna ɗanya, ga shatin haƙora, ga yaƙushi har wuya.

"Ba ita ba ce, ciwon ne. Na gaza ni kaɗai. Don Allah kada a raba mu."

Noboru ya juya baya yana share ido.

Yanzu mai jinya na zuwa kowace safiya, sau uku a mako kuma mota na kai Kikue cibiyar da ake kula da tsofaffi da rana. Wata la'asar tana saukowa ta cusa wa Tsuneo rabin wainar wake a hannu.

"Na ɓoye maka. Ci maza, kada Noboru ya gani."

Ya ci yana kuka. Ɓoye ciwo ba haƙuri ba ne, mai son matarsa yakan haɗiye kunya ya nemi taimako.