Harshen Malam Badamasi

Na'urar ta tsoma siririn bakinta cikin kwatarniya ta goma sha huɗu, ta zuƙi ɗigon ruwan bagaruwa, ta yi jim. Sannan ta ce, da muryar wani tsoho, "Da saura."

Hannayen ƙarfe suka mayar da fatun awaki cikin ruwan. Injiniya Safara'u ta bi su da kallo daga barandar hawa na tara, a majemarta da ke gefen kogin Challawa. Ta tagar bayanta, jiragen dako marasa matuƙi suna jere a sararin Kano suna jiran kaya.

Sunan na'urar Harshe. Muryar kuwa ta mahaifin Safara'u ce, Malam Badamasi majemi. Shekara uku tana zaunar da shi a gaban kwatarniya, ya lasa ruwan, ya gutsuri gefen fata ya tauna, ya ce ta yi ko da saura, na'ura tana koyo. Haka majema suke gane jima tun kaka da kakanni, domin 'ya'yan bagaruwa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Na bishiyar fadama daban, na tudu daban. Fatar da aka tsame kafin ruwan ya ratsa tsakiyarta ba mai gane ta da ido. Sai ta kusa shekara take bushewa ta tsage.

Kamfanin Belmora na ƙasar waje bai san wannan ba. Shekara ashirin da suka wuce ya zo Kano da safar hannu masu naɗar motsi, ya sa wa majema, ya ce horo ne za a ba su don su shiga kasuwar duniya. Wata shida aka yi ana naɗar hannun Malam Badamasi. Da aka gama, kamfanin ya ƙera injuna a ƙasarsa, ya sallami majema ɗari huɗu da saƙon waya. Aka bar wa Kano aikin fiɗa, da barbaɗa gishiri, da cika buhu da bagaruwa. Jima da ɗinki da suna duk suka koma can. Safara'u tana da shekara sha biyu lokacin. Ta ga ubanta ya fita da asuba kamar kullum, ya dawo kafin hantsi, ya zauna a zaure yana duban tafin hannunsa.

Yanzu ita ke jima, ita ke ɗinki. Jakunkuna dubu shida suna ɗakin ajiya, kowace da hatimin Jimar Badamasi, kuma manyan shaguna uku na ƙetare sun yarda su karɓa idan hukumar inganci ta can ta gama gwajinta na shekara guda. Wannan ne karon farko da kayan majemar zai fita da sunansa.

Ana cikin jiran nan Belmora ta aiko wakiliya. Damina ta rikice, ƙarfin bagaruwa ya rikice, injunansu kuwa hannu kawai suka koya. Suna son Harshe.

Wakiliyar, Madam Rennard, ta zo da kanta, ba ta majigi ba. Ta cire takalmi a ƙofa, ta durƙusa ta gaida tsohon da Hausar da na'urar kunnenta ke raɗa mata. Ta ce kamfaninsu ya yi kuskure a baya, kuma tana so ta ji daga bakinsa abin da zai wanke musu.

Malam Badamasi ya daɗe yana murza carbinsa.

"Ku rubuta sunana," ya ce. "A cikin jakar ma ya isa, inda ba a gani sosai. Mai ita dai ta san mutum ne ya koya wa ƙarfen."

Madam Rennard ta ce za a yi.

Akwati biyu ne a ofishin Safara'u, kowane ɗauke da ƙwaƙwalwar na'urar. Ɗaya Harshe ne na gaskiya. Ɗayan ta kwana biyu tana gyara shi tun da ta ji za su zo: yana cewa ta yi tun saura kwana biyu jima ta kammala. Ta tsaya a gabansu ta yi tunanin alkawarin da ta ji yanzu. Waɗannan mutanen sun taɓa alkawarin horo. Sun taɓa alkawarin asibiti. Ba za su sa sunan wani majemin Kano a jakar da matan shugabanni ke rataye ba. Ta ɗauki na biyu ta miƙa.

A mota tsohon ya yi ta fara'a. "Uwata, kin ga Baturiya ta iya durƙuso. Ke da aka haifa a nan sai an tuna miki."

"Gwiwarta ba ta ciwo ne, Baba."

Ya yi dariya har da tari. Ita ba ta yi ba.

Wata goma sha ɗaya ta jira. Jakar Belmora ta farko ta tsage a hannun wata mawaƙiya a gaban 'yan jarida. Cikin sati biyu sun kai dubu tamanin, a birane arba'in. Belmora ta rufe masana'anta biyu, aka kori shugabanta, aka kori Madam Rennard. Safara'u ta kalli labarin sau bakwai a bangon ofishinta, ta aika aka sayo mata kilishi ta ci ita kaɗai. Ta ji daɗi, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba.

A kallo na takwas ne mai ɗaukar hoto ya buɗe cikin wata jaka da ta tsage. A ƙasan aljihun, da ƙananan haruffan zinariya, an rubuta: Jimar Badamasi, Kano.

Sun cika alkawari.

Kafin la'asar hukumar inganci ta dakatar da duk fatar da ke ɗauke da wannan sunan. Shaguna ukun suka janye, ɗaya bayan ɗaya, da ladabi. Safara'u ta aika musu sakamakon gwaji, ta rantse cewa nata Harshen daban ne. Suka tambaye ta yadda aka yi ya zama daban. Ta rufe saƙon nasu, domin amsar za ta tona asirinta.

Ranar Asabar tsohon ya sa aka hau da shi hawa na tara. Injuna a kashe, ma'aikata ɗari biyu suna zaune a ƙasa ba a ce musu su tafi ba, ba a ce su yi aiki ba. Madam Rennard ta aiko masa da jaka ɗaya, ba wasiƙa. Ya shafa haruffan da ɗan yatsa. Ya zaro askarsa ya yanki gefen fatar, ya sa a baki, ya tauna a hankali da sauran haƙoransa.

Ya tofar a tafin hannu.

"Kwana biyu," ya ce. "Ko ina zazzaɓi ba na kuskuren kwana biyu."

Bai ɗago ya dube ta ba. Ya tambayi inda jakunkunan nan dubu shida suke, ta nuna masa ƙofar. Ya shiga da sandarsa, ya jawo kujera, ya ɗauki ta farko, ya sa askar a gindin hatimin, ya fara kankare sunansa.