Zobe a Ƙafar Agwagwa

Ranar da Ɗan'azumi ya fara ganin Lauratu, kwance yake rub da ciki a cikin ciyawa, a bakin rafin Kontagora, da tabaron hangen nesa a idonsa. Ita kuwa tana ban ruwa a lambun albasar mahaifinta. Ta ajiye bokiti ta zo ta tsaya a kansa.

"Malam, mu kake leƙe?"

Ya miƙe yana karkaɗe riga, ya rantse agwagin daji yake ƙirgawa. Ya ce shi mutumin Gumel ne, direban Mista Andarawus na gandun daji, sun zo ƙidayar tsuntsayen ruwa tun da tafkin Kainji ya cika. Da ya ga ba ta yarda ba, sai ya miƙa mata tabaron. Ta kafa a ido, ta ga wata agwagwa, kirinjijiya mai farar fuska, kamar ta kai hannu ta kama. Ta daɗe ba ta mayar masa ba.

Daga nan duk la'asar yana lambu. Yana ce mata 'Yar Albasa, tana ce masa Baƙona. Shi da bai taɓa shekara a gari ɗaya ba tun da ya bar firamare, sai ga shi yana tambayar inda ake samun ɗakin haya.

Malam Maikuɗi, mahaifinta, bai yi maraba da zancen ba. Ya ce aikin rani ɗaya ne, ranar da agwagin suka tashi shi ma baƙon zai tashi. Shi Haliru maharbi yake so. Haliru ɗan gari ne, kuma yana kawo agwagwa ta shiga tukunya, ba ta shiga takarda ba.

Wata safiya Ɗan'azumi yana duba tsallaken rafi sai tabaron ya faɗa kan Lauratu. Tana tsugune gaban Haliru, tana jujjuya agwagin da ya harbo ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana dariya har da dafa bindiga. Washegari haka. Kwana shida a jere haka. Ɗan'azumi ya daina ƙirga komai sai yawan dariyar Haliru, har Mista Andarawus ya tambaye shi ko agwagin sun ƙaura ne.

Ya ƙaurace wa lambu. A ƙarshe ya rubuta takarda ya danne ta da bokitinta:

"Lauratu, na gani da idona. Tunda mai bindiga kike so, Allah ya ba ku zaman lafiya. Ranar Asabar zan koma Gumel. Baƙo."

Da yamma ta same shi yana wanke Landiroba. Ba ta gaishe shi ba. Ta kwance bakin zane ta ɗora masa wani ɗan zoben ƙarfe a tafin hannu, da lamba da rubutun wata ƙasa a jikinsa.

"Ba kai ka ce min shekara biyu ogan naka yana neman agwagwa mai zobe a ƙafa ba? Ka ce in aka samu ɗaya, hedikwatarku ta Sakkwato za ta yarda a buɗe muku ofis a nan. To a ina zan ga ƙafar agwagwa in ba wajen mai harbinta ba?"

Ɗan'azumi ya jujjuya zoben a tafinsa. Can ya ce, "Amma kina yi masa dariya."

"Shi yake dariya. Ni hancina nake toshewa. Tabaron naka bai nuna maka wannan ba?"

"'Yar Albasa, ki yafe min."

"Sai ka karanta min takardar nan da bakinka, in ji yadda ake sallamata."

Bai karanta ba. Ita ma ba ta yaga ba.

Mista Andarawus ya kusa rawa da ya ga zoben. Ya tura shi Sakkwato, aka ce agwagwar daga ƙasar Rasha ta taso. Kafin damina takarda ta zo: an ba Ɗan'azumi aikin dindindin a Kontagora. Haliru ya yi fushi na sati biyu, da ya gane ƙafafun agwagi ake zuwa gani, daga baya ya huce.

Kawun Ɗan'azumi ya yi tafiyar kwana uku daga Gumel ya nema masa aure. Aka ɗaura ranar Juma'a bayan an sauko. Da ango ya je gaisuwa, ya durƙusa a zaure, Malam Maikuɗi ya daɗe yana kallonsa.

"Agwagin sun tashi?"

"Sun tashi, Baba. Tun watan jiya."

Tsohon ya dafa kansa.

"To, Allah ya zaunar da kai, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku biyayya."

Daga bayan labule Lauratu ta riga kowa cewa amin.