Bayan Ƙara Na Biyar

"Halo? Gershon ba ya kusa. Wa ke magana?"

Bernice ta cire wayar daga kunnenta ta duba. Lambarsa ce, wadda ta haddace tun bara. Ta mayar da wayar kunne.

"Faustina...?"

"Au, Bernice, ke ce? Ya ɗan shiga ciki ne. In gaya masa me?"

Bernice ta kashe.

Lahadi ce, ƙarfe ɗaya na rana. Tana tsaye a bayan majami'a da rigar mawaƙa a hannu, yanzu suka tashi daga gwajin waƙa. Gershon ya ce mata yana Kwoi wurin iyayensa, suna shirya zuwa gaisuwar neman aurenta ranar Asabar. Faustina kuwa abokiyar aikinta ce, teburinsu na kallon juna a ofishin ƙungiyar manoman citta a nan Kafanchan. Shekara biyu suna cin abinci a kwano ɗaya.

Ba ta yi kuka ba. Ta tare mai babur ta nufi gida.

A falo ta tarar da mahaifinta, Baba Luke, zaune da tabarau a kan hanci, wayarsa a kan Littafi Mai Tsarki. Tsohon hedimasta ne kuma dattijon ikilisiya, irin mutanen da ko gaisuwa ka yi musu sai ka ji kamar za su ba ka maki. Wata takwas aka yi ana fama da shi kafin ya yarda da Gershon. Shi malami yake so wa 'yarsa, ko ma'aikacin gwamnati mai fansho, ba yaron da ke yawo a babur da jakar wayoyi yana hawa ƙarfen sadarwa ba. Da ƙyar mahaifiyarta, Mama Afiniki, ta shawo kansa, har ya ce shi da kansa zai kira yaron bayan sujada ya ba shi lokacin da kawunnansa za su zo.

"Zauna," in ji Baba. "Na kira yaronki."

"Baba..."

"Mace ta ɗauka. Na faɗi sunana, ta ce yana wanka. Wanka, Bernice! Ran Lahadi, lokacin da mutanen kirki ke fitowa daga ɗakin Ubangiji!"

Mama ta leƙo daga kicin. "Baban Bernice, ƙila ƙanwan shi ne..."

"Ba ƙanwarsa ba ce, Mama," Bernice ta faɗa a hankali. "Na san ko wace ce."

Baba ya cire tabarau ya naɗe. "To maganar Asabar ta mutu. Kada in ga ƙafar kowa daga Kwoi a ƙofar gidan nan."

Da yamma wayarta ta fara ruri. Gershon. Ta ƙi ɗauka. Ya kira har sau goma sha bakwai, ya turo saƙonni, ko buɗewa ba ta yi ba. Ya kira Baba, Baba ya juya wayar ya kife ta. Zuciyar Bernice ta yi baƙi ƙirin, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne har lokacin tana son sa.

Ranar Litinin ta je aiki, don citta ba ta san an ɓata wa mutum rai ba.

"Sista, kin kwana lafiya?" in ji Faustina, tana shafa hoda. "Idonki ya kumbura fa."

"Lafiya lau."

"Abeg kar ki ɗauki abin da zafi. Maza haka suke."

Bernice ta ja kujera ta zauna gaban babbar wayar tebur. Duk kiran da ya shigo ofishin ta hannunta yake bi. Ita ke riƙe manomin Samaru Kataf a layi ta amsa wa dillalin Jere, ta tura wannan wurin manaja, ta haɗa mutum uku a kira ɗaya in ciniki ya ƙi ƙarewa. Gershon ne ya kafa musu wayoyin bara, a nan ma suka haɗu. Ya zo koya mata maɓallai na kwana biyu, ya ƙare da sati uku yana dawowa duba wayar da babu abin da ya same ta.

Wajen ƙarfe goma masu sayen citta suka iso, Faustina ta tashi ta kai su sito, ta bar wayarta a kan tebur. Bernice ta danna layin manaja don ta sanar da shi. Ba ya ofis, ya tafi gona, amma ya saba karkatar da kiran teburinsa zuwa wayar hannunsa. Ta saurara. Ƙara ɗaya, biyu, har biyar. Sai ɗan shiru. Sai ƙaran ya dawo da wata murya daban, sannan ya ɗauka.

Ta ba shi saƙon ta ajiye, amma hannunta bai bar kan wayar ba.

Wannan ɗan shirun. Jiya ma ta ji shi. Ƙara biyar, shiru, ƙara ya canza, sannan muryar Faustina. Mai kunnen aiki kamar ita bai kamata a ce ya wuce ta ba, amma kishi ya toshe mata kunne.

Ta danna lambar Gershon da wayar ofis. Ko ƙara ɗaya bai cika ba ya ɗauka.

"Bernice! Masoyiyata, don Allah me na yi? Tun jiya ban..."

"Kashe. Zan sake kira, kar ka ɗauka."

"Kar in ɗauka? Ni da na kwana ina roƙon Allah ki kira?"

"Gershon, in kana so na, kar ka ɗauka!"

Ta sake kira. Ta ƙirga da yatsu. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Shiru.

Sai wayar Faustina ta ɗauki waƙa a kan tebur.

Bernice ta ajiye, waƙar ta tsaya. Ta zauna tana kallon wayar nan mai jan murfi. Da Faustina ta dawo ta duba ta ce, "Kin kira ni da layin ofis?"

"E. Na ga kin daɗe ne."

Lokacin tashi cin abinci Gershon ya iso a babur, ƙurar hanyar Kwoi har gira. Ta tsayar da shi can ƙarƙashin mangwaron bayan sito, inda ba a hango su daga taga.

"Duba wayarka. In ba ka ɗauka ba, ina kiran yake zuwa?"

"Ba ya zuwa ko'ina. Ni ban..."

"Duba dai, injiniya."

Ya danna 'yan lambobi. Amsa ta fito a fuskar wayar, lamba ce mai ƙarewa da huɗu da bakwai. Ya kalle ta, ya kalli Bernice, ya ɗora hannu a ka.

"Wayyo Allahna. Ranar da na zo koya wa sababbin ma'aikata! Ranar da kika je biki Samaru. Manaja ya ce in nuna musu yadda ake karkatar da kira a wayar hannu, na ce wani ya ba ni lamba mu gwada. Faustina ta miƙo tata. Muka gwada, ya yi, aka tafa. Sai aka kira ni wani aiki a Jere na fita a guje..."

"Ba ka cire ba."

"Ban cire ba. Sati uku ke nan!"

Abin dariya abin haushi. Mutumin da duk inda ya je sai ya ja wa mutane kunne cewa in sun karkatar da kira su tuna su mayar, shi ne ya bar nasa a buɗe. Bai gane ba saboda ba mai barin waya ta yi ƙara biyar ba ne. Jiya ne kawai ya kashe wa wayar murya a majami'arsu, daga nan kawunnansa suka zaunar da shi taro. Faustina kuwa tuni ta gane, tun ranar da wani mai otal ya kira Gershon yana can saman ƙarfen sadarwa, kiran ya faɗo mata ana neman injiniya. Ta yi shiru abinta tana jiran kiran da zai yi mata amfani. Ita ce ta fara saya masa lemo ranar da ya fara zuwa ofishin, kuma ba ta taɓa yafe wa Bernice ba.

"Bari in cire yanzu yanzu," in ji shi.

Ta riƙe masa hannu. "Kar ka taɓa. Baba ba ya jin bayani. Sai ya gani da idonsa."

Ƙarfe huɗu da rabi suka shiga falon. Baba Luke ya ɗago daga jarida.

"Ban ce kada in ga..."

"Baba, minti biyu kawai," in ji Bernice, ta durƙusa. "In ba ka gamsu ba, ni da kaina zan raka shi ƙofa."

Gershon ya durƙusa gefe, ya ajiye wayarsa a tsakiyar tebur, ya naɗe hannuwa a baya kamar ɗan firamare. Mama ta fito da ludayi a hannu.

"Kira shi, Baba. Ka buɗe murya kowa ya ji."

Baba ya yi tsaki, amma ya kira. Wayar da ke kan tebur ta haska ta fara ƙara. Ba wanda ya taɓa ta. A na biyar ta yi shiru. Sai murya ta fito daga wayar da ke hannun Baba, a tausashe.

"Baba, ina wuni? Ai na gane lambarka."

Baba ya kalli tebur, ya kalli hannunsa. "Ina yaron yake?"

"Yana nan, Baba, yana cin abinci. Ni ma na gaya masa ya daina wahalar da ku, ya faɗa wa Bernice gaskiya."

"To ba shi in ji muryarsa."

"Ya... ya ɗan fita waje."

"Lallai ya yi nisa. Ya fito har falona, ga shi durƙushe ina kallonsa." Baba ya gyara tabarau. "Ke ba Faustina ba ce, 'yar Martins mai ɗinki? Ni na koya miki karatu a aji uku."

Ƙit, aka kashe.

"Yesu Ubangiji!" in ji Mama. "Yarinyan nan da nake zuba ma tuwo da hannuna!"

Baba ya sa Gershon ya yi masa bayani tun daga farko, ya yi tambaya uku, ya sa aka maimaita masa ɗaya.

"Sakaci ne," in ji shi. "Aikin da aka fara ba a gama ba. Da ɗalibina ne kai, da ka sha bulala."

"Haka ne, Baba."

"Amma sakaci daban, abin da na zarge ka da shi daban. Shekara talatin ina hana malamai hukunta yaro ba su ji ta bakinsa ba, jiya ni na yi." Ya yi gyaran murya, kalmar na yi masa nauyi. "Ka yi haƙuri. Ka gaya wa iyayenka, Asabar ƙarfe goma."

Mama ta rangaɗa guɗa, ludayin ya faɗi.

A waje, kusa da babur, Bernice ta karɓi wayarsa ta danna lambobin cirewa da kanta. Ta miƙa masa tana murmushi, sai ta ga shi bai yi ba.

"Baba bai san ni ba, ban ga laifinsa ba," in ji Gershon. "Amma ke kin san ni. Sau goma sha bakwai, Bernice. Ko ki ɗauka ki zage ni."

Ta sunkuyar da kai. Gaskiya ya faɗa, kuma ta yi mata zafi.

"Na ji tsoro ne. Na ce in na ɗauka ka ce gaskiya ne, ban san yadda zan yi ba... Ka yafe mini, nawa."

"Sake faɗa."

"Ka yafe mini."

"A'a, na ƙarshen."

Ta kai masa duka da jaka, ya kauce yana dariya, Mama na leƙensu ta labule.

Faustina ba ta zo aiki ranar Talata ba. Ranar Laraba ta aiko a ɗaukar mata kayanta, aka ce ta koma wurin yayarta a Kaduna. Bernice ta haɗa mata su a kwali, har da cokalin da suke ci da shi.

Ranar Asabar tun ƙarfe tara aka hana ta fitowa, aka ce amarya ba ta nuna zumuɗi. Ta maƙale a tagar kicin. Goma saura minti biyar babura uku suka tsaya a ƙofar gida, dattawan Kwoi cikin manyan riguna, ɗaya rungume da jarkar mai, Gershon a baya yana ta gyara hula. Sai ta ga Baba ya fito da kansa har bakin titi, ya riƙe wa babban kawun Gershon babur ya sauka, sannan ya kama hannun Gershon ya ce wa maƙwabtan da suka taru, "Ɗana ne."

A nan Bernice ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da zani, ta yi kuka har Mama ta zo ta ce ta tashi haka nan, ana nemanta a falo.