Ƙibar Ango

Su'ada na tsugune a bakin murhu tana juya wake da kifi aka banko ƙofar gida. Surukarta ce Hajiya Dela, da Rokia ƙanwar mijinta a baya, ko sallama babu.

"Buɗe tukunyar nan in gani!"

Su'ada ta durƙusa ta gaishe ta, ta buɗe. Hajiya ta ɗanɗana, ta tofar.

"Ba mai, ba gishiri! Wannan kike ba ɗana? Duk Zango da ni ake yi, wai an yi biki tun kafin azumi amma ango har yau kamar sillen kara!"

A Zangon Wagadugu da wuyan ango ake auna hannun amarya. In ya yi kumatu da tumbi, ta iya. In bai yi ba, to muguwa ce, ba a neman wani bayani. Shi kuwa angon, Muntari, da ciwon zuciya aka haife shi, har an yi masa aiki yana yaro. Likitansa ya gwada shi a gaban Su'ada, ya ce duk siririntarsa kitsen cikinsa ya yi yawa, tsoka ce ba ya da ita. Ya hana gishiri da maiƙo, ya ce a ba shi wake da kifi da ƙwai, ya riƙa tafiyar ƙasa da safe. Su'ada ta riƙe maganar nan hannu bibbiyu, don tana son mijinta kamar ranta.

"Hajiya, dokotoro ne ya ce—"

Tas! Mari ya sauka a kuncinta. Rokia ta finciko gashinta, ta shuri tukunya, tafasasshen wake ya zubo wa Su'ada a ƙafa. Tana cikin ihu Muntari ya shigo daga shagonsa na atamfa a kasuwar Rood Woko. Ya shiga tsakani yana haki.

"Inna, don Allah! Lafiyata take nema!"

"Rufe min baki! In ni na haife ka, hau moto mu tafi gidana a Dapoya. In ka ƙi, yanzu in ɗaga maka nono!"

Wane ɗa ne zai tsaya bayan wannan magana? Ya dubi matarsa a ƙasa, hawaye na zuba, ya bi uwarsa.

A Dapoya aka shiga kiwonsa: rigra, wato shinkafa dafa-duka, mai ninƙaya cikin mai, soyayyen naman rago, farfesu da gishiri zau. Hajiya na zaune a kansa sai ya suɗe kwano. Kafin wani lokaci kuwa jiki ya ciko, Hajiya bakinta har kunne. Ta aika a kira Su'ada ta zo ta ga yadda ake riƙon namiji.

Su'ada ta shigo tana ɗingishi, ta ƙare masa kallo. Yana jingine da filo don ba ya iya kwanciya, leɓɓansa sun yi duhu, takalmi ya ƙi shiga. Ta durƙusa ta danna ƙwaurinsa da babban yatsa. Ta ɗaga, ramin ya tsaya bai cike ba.

"Wayyo Allah! Hajiya, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne! Zuciyar ce ta gaji!"

"Baƙin ciki kike yi, muguwa!" in ji Rokia. Ta sunkuci muciya ta rafka mata a goshi.

Jini ya rufe mata ido, amma ba ta saki hannun mijinta ba. Ta saɓa shi a kafaɗa, ana dukanta tana jan sa har bakin titi, tana kururuwa sai da mai taksi ya tsaya.

A asibiti aka kwantar da Muntari, aka shiga janye masa ruwa. Likita ya fito ya dubi Hajiya.

"Mama, da kun ƙara 'yan kwanaki, da gawa za ku kawo min. Wa ya riƙa ba shi gishiri haka?"

Hajiya ta zube a ƙasa. "Ni ce... da hannuna... ni da na haife shi!"

Ta rarrafa zuwa inda ake ɗinke goshin Su'ada, ta kama ƙafarta tana kuka. Rokia na gefe ta kasa ɗaga kai.

"'Yata, ki yafe min."

"Tashi, Hajiya, ke uwa ce. Abu ɗaya muke so ni da ke."

Muntari ya warke, ya koma gidansa. A hankali damtsensa ya yi tauri, har ya riƙa takawa zuwa unguwar Ouidi ba tare da ya tsaya numfashi ba. Ranar sunan ɗansu, shi ya danne rago da hannunsa, Hajiya na kallo tana share hawaye.

To 'yan'uwa, kada ku kula da naku don idon 'yan unguwa. Ku ji maganar likita, ku kuma ji tsoron Allah game da 'yar mutane. Haƙurin Su'ada ya bar mata tabo a goshi, amma ba ta yi takaba ba.