Ranar Da Sugana Ya Faɗi A Gaban Mama

"Me ya sa ka gaya mata?"

Dogo, saurayina, ya kau da kai. Yana tsaye a bakin shagon ɗinkin da nake aiki, jakar kayan gyaran wuta rataye a kafaɗarsa.

"Da kai nake! Me ya sa ka gaya wa Mama ina da ciwon suga?"

"Uwata ce fa, Ƴar Tela. In ɓoye mata har sai kin shigo gidan?"

"To, me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba... Tashi kawai ta yi ta shige ɗaki."

Na san abin da shirun nan yake nufi. Ciwon suga ne ajalin mahaifin Dogo. Idanunsa ne suka fara tafiya, daga baya aka yanke masa ƙafa. Mama ta yi shekaru tana jinyarsa, Dogo kuwa shi ke goya shi zuwa banɗaki tun bai gama zama saurayi ba.

Ni kuma nawa bai daɗe da bayyana ba. Ƙishirwa ce ta fara damuna, sai yawan fitsari, sai na wayi gari ina kasa zura zare a allura. Likita ta ba ni ƙwayar da zan riƙa sha da safe, ta ce in rage biredi da shinkafa, in rabu da lemon kwalba, in yawaita ganye. Har na kai bakin ƙofa ta sake kirana.

"Kada ki kuskura ki sha ƙwayar nan ki zauna da yunwa. Kin ji ko?"

Na ce na ji.

Dogo ya matso kusa da kekena, ya rage murya.

"Sanyin idona, daina kukan nan. Ta ce in kai ki jibi da yamma. Tana son ganinki."

"Don ta sallame ni da bakinta?"

"Don ta gan ki, na ce. Ni dai ke nake so, da suganki da rigimarki duka."

Yana fita uwar shagonmu ta ajiye almakashi. Ashe duk kunnenta na wurinmu.

"Ke ma da son wahala! Ƙanwar mijina da azumi ta kori nata. Ki hana cikin abinci ki gani in sugan zai sami wurin zama."

"Likita ta ce..."

"Likita za ta aure ki ne?"

Sauran masu ɗinki suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Maganar ta riga ta zauna mini.

Na shirya komai a raina. Zan tafi da na'urar gwajin suga a jaka, in soki yatsana a gaban Mama, in nuna mata sugana ya sauka kamar na kowa. In ce mata, kin gani, nawa ba irin na Baba ba ne.

Daga ranar na ɗauki azumi. Yayata, wadda nake zaune a gidanta tun rasuwar iyayenmu, ta lura kwanona yana dawowa yadda ta zuba shi.

"Auta, yunwa kike wa kanki horo da ita?"

"Na ci a shago, Yaya."

Ranar tafiya, da asuba, na haɗiye ƙwaya biyu maimakon ɗaya, na bi da ruwa. Ban sa komai a bakina ba.

Ɗakin Mama tsaf yake, fanka na juyawa a hankali. A bayan ƙofa na hango keken guragun Baba a naɗe, an rufa masa zane. Na durƙusa na gaishe ta.

"Tashi ki zauna kusa da ni, ƴata. Ya aiki?"

"Da godiya, Mama."

"Wannan rigar ke kika ɗinka?"

"Ni ce."

"Hannunki na da kyau. Wannan dogon banzan ko maɓalli bai iya sawa ba."

Dogo ya yi dariya, ni ma na so in yi, sai na ji leɓena ya yi nauyi. Zufa ta keto mini duk da fankar. Na kai hannu zan zuge jaka in ciro na'urar, yatsuna suka hau rawa, zif ɗin ya gagare ni.

"Mama, na zo... in nuna miki..."

Ban san me na ƙara faɗa ba. Na dai ga fuskarta ta canza.

"Me kika ci yau?"

Na girgiza kai, alamar ba komai.

"Kin sha magani?"

Na gyaɗa kai.

"Innalillahi! Kai Dogo, kawo sukari da ruwa, maza!"

"Mama, mu kai ta asibiti!"

"Sukari na ce! Za ta kai asibitin ne a haka?"

Ta jingina ni a ƙirjinta, ta tallafe haɓata. Cokali bayan cokali take ba ni, tana cewa, "Haɗiye, ƴata. Yauwa. Ƙara haɗiyewa. Kar ki rufe ido, kalle ni." Tun da uwata ta rasu ba wanda ya riƙe ni haka.

A hankali ɗakin ya daina juyawa. Ta sa aka kawo biredi, ta gutsura mini da hannunta, ta tsare ni har na cinye. Sai na ji ɗigon ruwa a goshina. Kuka take.

"Ashe hannuna bai manta ba," in ji ta.

"Ki yafe mini, Mama. So nake ki ga na warke..."

"Ɗaga kai ki dubi wanda kike so."

Dogo na tsugune a jikin bango, kofin na hannunsa har yanzu, ya takure kamar ƙaramin yaro.

"Haka yake zama duk ranar da babansa ya faɗi. Na ɗauka na gama ganin wannan zaman." Ta share hawaye da bakin mayafinta. "Wallahi da niyyar amincewa na kira ki. Na ce in dai yarinyar tana kula da kanta, zan danne zuciyata. Ciwo ba laifin kowa ba ne."

"Mama, ba zan sake ba! Na rantse!"

"Babansa ma haka yake ce mini. Ya bar magani don kar mu damu, ya ƙi abinci don ya nuna shi namiji ne, mu tsince shi a ƙasa. Ba ciwon ne ya cinye mu ba, ɓoyon ne. Ke kuma tun ba a ɗaura ba kin fara."

"Mama, don Allah..." in ji Dogo.

"In ka aure ta ba zan tsine maka ba. Amma ba da yawuna ba. Ba ni da sauran ƙarfin da zan sake kallon wannan."

Shi ya rako ni gida. A ƙofar gidan Yaya ya tsaya.

"Ki ba ni lokaci, zan shawo kanta."

"Ka san ba za ka iya ba. Kai kaɗai ka rage mata."

"To ni fa? Wa ya rage mini?"

Na kasa kallonsa. Da Mama mugunta ta yi mini, da na sami abin riƙewa in yi faɗa. Amma a ƙirjinta na farfaɗo.

"Je ka gida, Dogona. Kar ka bar ta ita kaɗai yau."

Ya ɗago ya dube ni.

"Ki yi mini alkawari ɗaya, sanyin idona. Ki riƙa cin abinci."

"Zan ci."

Ya juya. Na bi dogon bayansa da kallo har ya sha kwana, bai waiwayo ba.

Yaya ta dube ni sau ɗaya, ba ta tambaye ni komai ba. Ta shiga kicin ta fito da kwano, ta ajiye a gabana, ta zauna kusa da ni.

"Sa hannu, Auta."

Na sa. Ina ci hawaye na zuba a ciki, har na cinye.